Madam Odil da Gautan Innata

A wannan watan ne Madam Odil ta cika shekara goma sha biyar da rasuwa. Na san yawancin masu karanta wannan shafi ba su taɓa jin sunanta ba. Bafaranshiya ce, masaniyar tsirrai, aikinta binciken cututtukan da ke kama shuka. Ta yi shekara tara a nan Libreville lokacin da kuɗin man fetur ya fara malala a Gabon. Ni a lokacin yarinya ce ɗanya, 'yar ƙauye daga ƙasar Kano, na biyo mijina Malam Inuwa da ke da ɗan kanti a wajen unguwar Cocotiers. Yanzu na haura saba'in, Malam ya riga mu gidan gaskiya, kuma na lura in ban rubuta labarinta ba babu wanda ya rage da zai rubuta shi da Hausa.

Wanda bai ga garin nan a waɗancan shekarun ba, zai yi wuya ya gane yadda yake. Ko ina ka juya gini ake yi. Ka wuce fili yau, bayan wata biyu ka tarar da bene. Samari sun baro ƙauyuka sun cika gari suna leburanci, gonaki sun koma hannun tsofaffin mata. Abinci kuwa daga waje yake zuwa. Tumatir da albasa da kaji, har ƙwai, duk a jirgi ake kawo su. Da kuɗi a hannun mutane, don haka ba wanda ya damu da inda abin ya fito. Kantin Malam yana ciniki sosai, amma ni a gida kewa ce ke cina. Ban iya Faransanci ba, ruwan sama ba ya tsayawa, kuma miyar da zan yi ba ta fita yadda na saba.

Ranar da zan baro gida, Innata ta ƙulle mini irin gauta a bakin wani tsohon ɗankwali. Farin gauta ne mai ɗan ɗaci, wanda take shukawa a bayan ɗakinta tun ina ƙarama. Shekara guda da zuwana wasiƙa ta iso cewa Allah ya yi mata rasuwa. Kafin wasiƙar ta zo hannunmu har an yi sadakar arba'in. Ban je ba, ban ga kabarinta ba sai bayan shekaru. Abin da ya rage mini nata shi ne wannan ƙullin.

Muna haya a bayan unguwar Plaine Orety, gidan katako mai ɗan fili a baya. Na share filin na shuka gautan. Ya fito da kyau, ya yi ganye, ya fara fure. Wata rana da hantsi na fito na ga guda uku sun langaɓe kamar an zuba musu tafasasshen ruwa, alhali ganyen kore shar. Na yi musu ban ruwa, da yamma suka ɗan farfaɗo, washegari suka sake kwanciya. Cikin mako biyu duk suka mutu. Na sake shukawa, aka maimaita. Da na kwance ƙullin karo na uku, irin da ya rage bai cika cokalin shayi ba.

A wannan shukar ta uku ne na haɗu da ita. Ina tsugune ina duba waɗanda suka fara yaushi, sai na ji motsi a bayan danga. Na ɗaga kai na ga Baturiya doguwa, siririya, da hular kaba da takalmin roba, tana leƙen shukata. Na zaci daga hukuma take, domin a lokacin ana yawan zuwa daga hukuma a ce a rushe kaza, a cire kaza. Na miƙe zan shige ɗaki, sai na ji ta ce:

"Sannu da aiki, ɗiyata. Kin wuni lahiya? Mi ya samu gautanki?"

Na tsaya cak. Rabon da in ji Hausa a bakin wata mace da ba matar abokin Malam ba, har na manta. Hausar Maraɗi ce, tana fita ta hanci, amma Hausa ce sosai. Daga baya na ji cewa ta yi shekaru a can tana aikin cutar gyaɗa kafin a turo ta Gabon. Ta nemi izinin shiga, na buɗe mata. Ta tambayi sunana, na ce Binta. Ta durƙusa a cikin taɓo ba tare da ta damu da wandonta ba, ta tuge guda ɗaya, ta ce in kawo mata ruwa mai tsabta a kofin gilashi. Ta yanke karan da 'yar wuƙa, ta tsoma bakin yankan a ruwan, ta ce in zuba ido. Ba a jima ba sai ga wani farin abu kamar zaren madara yana sauka a hankali daga jikin karan.

Ta ce wannan ita ce cutar. Ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, suna zaune a cikin ƙasa, su shiga ta saiwa su toshe hanyar da ruwa ke bi. Shi ya sa shuka ke mutuwa da ƙishirwa ko da tana tsaye cikin ruwa. Ta ce babu magani. Sai dai in tuge duka, masu ciwo da waɗanda ke kusa da su, in ƙona.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata ta fita mini daga gida. Na ce wa ya aiko ta, ita da ba ta san abin da shukar nan take a wurina ba. Ba ta yi musu ba. Ta wanke kofin, ta ajiye, ta ce, "Ki yi haƙuri," ta tafi. Da Malam ya dawo na ba shi labari ina kuka, sai ya ce, "Binta, matar nan gaskiya ta faɗa miki ko ƙarya?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To ki bari mu gani." Cikin kwana goma duk suka kwanta, kamar yadda ta faɗa.

Ban zaci zan sake ganinta ba. Ranar Asabar sai ga ta da tsohuwar motarta mai buɗaɗɗen baya, ta sauke buhun ƙasa da wasu gwangwanaye da ta huda gindinsu. Ta tambaye ni ko akwai sauran iri. Na ce akwai kaɗan, na kuma gaya mata na Innata ne. Sai ta ce, "Da kin hwaɗa mini tun ranar, da na san yadda zan yi maganar." Ta ce kada in ƙara zuba ko ƙwaya ɗaya a wannan filin. Muka gasa ƙasar da ta kawo a kan murhu cikin rabin ganga, muka cika gwangwanayen, muka shuka ƙwaya goma sha biyu kacal. Sauran ta ce in mayar in ɓoye.

Bayan haka ta ɗauke ni a mota zuwa bakin wani kwatami, ta nuna mini wani gautan daji mai ƙaya da ke fitowa barkatai, wanda ko akuya ba ta kula shi. Ta ce wannan cutar ba ta iya masa. Za mu raine shi, in ya kai kaurin fensir mu yanke kansa, mu ɗora kan gautan Inna a kan gindinsa. Na ce, "Au, aure za a yi musu? Ai a garinmu mangwaro ake yi wa." Ba ta san haka muke kiran abin ba. Ta yi dariya har ta dafa mota, ta ciro ɗan littafinta ta rubuta kalmar.

Aikin yana son hannu mai taushi. Reza sabuwa, a goge ta da sipirit, a tsaga gindin, a fiƙe kan kamar bakin alƙalami, a soka, a ɗaure da zaren kaba, a rufe da ganyen kwakwa don inuwa. Nata hannun yana ɗan rawa, don haka bayan ta yi biyu ta miƙo mini rezar. Cikin sha biyun nan, uku ne suka kama. Ranar da na tsinki gauta na farko na gutsura, ɗacin nan na gida ya bugi harshena, sai na zauna a ƙasa na yi kukan da ban samu na yi ba ranar da wasiƙa ta zo. Madam tana tsaye. Ta juya baya tana duba ganyen kuɓewa har na gama.

Tun daga nan muka ƙulle. Na daina ce mata Madam sai a gaban mutane, a gida Yaya nake ce mata. Takan zo ranar Asabar ta ci tuwo da miyar kuka in an samu kukar, ta sa hannu kamar kowa. Ba ta taɓa aure ba. Na tambaye ta dalili sau ɗaya, ta ce akwai wanda ya nema, amma ya ce sai dai ta zauna a Faransa. Iyayenta manoman inabi ne, kuma tana yarinya ta ga wata cuta ta cinye musu gona a damina guda, ta ga mahaifinta ya zauna a bakin gonar yana kallon asarar. Ta ce daga ranar ta san aikin da za ta yi.

Gautana aikin ranar hutu ne a wurinta. Babban aikinta rogo ne. Mutanen ƙasar nan rogo ne abincinsu, kuma akwai wata cuta da ke sa ganyensa ya yi dabbare-dabbare ya murɗe, saiwar ta ƙi girma. Takan yi makonni a ƙauyuka tana bin tsofaffin mata gona, tana tambayar wane iri ne ke jurewa, tana karɓar kara biyu nan, uku can. Duk ta tara su a wani fili da aka ba ta a hanyar Owendo, kowane layi da lambarsa a jikin ɗan katako. Shekara shida tana wannan tarin. Ta sha kai ni. Daga filin ana hango manyan motoci ɗauke da gumagumai suna gangarawa tashar jiragen ruwa. Takan ce, "Binta, man fetur zai ƙare ko ya yi araha. Ran nan mutane za su koma neman abin da kakanninsu ke shukawa, ina so su tarar da shi."

A ofis ba a ɗauki maganarta da muhimmanci ba. Ba wai ana wulaƙanta ta ba ne, a'a, ana gaishe ta da girmamawa, a ce za a duba. Kawai dai hankalin kowa yana wani wuri.

Wata Alhamis da rana ta shigo gidanmu ko sallama ba ta yi ba, fuskarta ta yi ja. Ta ce an ba wani kamfani filin zai gina ɗakunan ajiyar kaya, kuma ranar Litinin katafila za ta shiga. Ta je ofis uku, kowa ya ce ba daga wurinsa ba ne. An yi mata alkawarin wani filin, amma sai bayan watanni, karan rogo kuwa ba ya jira. Ban taɓa ganin ta rasa abin yi ba sai ranar. Ta zauna a kan turmi ta riƙe hularta.

Na ce, "Yaya, nawa ne layukan?" Ta ce sun haura arba'in. Na ce, "To gidaje nawa ne a unguwar nan masu fili a baya?"

Na fita na sami maƙwabciyata Mama Polin, 'yar ƙasa ce, ita ta fara koya mini Faransancin kasuwa. Kafin la'asar ta zagaya ta tara mata. Malam ya je tasha ya samo Abdu, wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, mutumin Tawa, ya yarda zai ba mu ranar Asabar ɗinsa. Da sassafe muka hau bayan motar, mu goma sha wani abu, Hausawa da 'yan ƙasa da wata 'yar Mali, kowace da adda. Madam tana gaba tana nuna wanda za a sara. Ni da na yi firamare aka ba ni aikin rubuta lamba a ƙyalle in ɗaura wa kowane dami. Wajen azahar ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ba mu tsaya ba, amma tawadar ta zube a ƙyallaye da yawa, wasu damman kuma suka kwance suka gauraya a cikin mota. Da muka sauke na ga abin da ya faru, na kasa haɗa ido da ita. Ta ɗauki wani kara ta jujjuya shi, ta ce, "Wannan na san shi ko ba lamba. Wancan ma." Wasu ta gane, wasu ba ta gane ba. Ta ce a shuka duka.

Ranar Litinin ta tafi filin ita kaɗai ta tsaya har aka gama turewa. Na ce mata don me za ta je ta ƙona ranta. Ta ce ba ta so a yi abin ba kowa a wurin.

Zan so in ce mun ceci aikinta, amma ƙarya zan yi. Abin da muka kwaso bai kai rabi ba. Ta yi shekara biyu tana zagaya bayan gidajenmu da littafinta, tana auna rogo a tsakanin igiyar shanya da kejin kaji. Wasu masu gidajen suka tashi 'yan haya suka yi gini a filin. Wasu matan suka tone suka dafa lokacin da ba ta so ba, kuma ba ta taɓa yi musu faɗa ba. Iri huɗu ko biyar da suka fi jurewa ta rarraba wa matan ƙauyukan da ta karɓo daga wurinsu. Sannan aka rufe gurbin aikinta, aka kira ta gida. Na raka ta filin jirgi. Ta riƙe hannuna ta ce za ta dawo da rani mai zuwa. Ba ta dawo ba, ni ma ban taɓa zuwa Faransa ba.

Mun yi shekaru muna wasiƙa. Takan rubuto da Hausarta, ta tambayi Malam da yara da Mama Polin, ta tambayi abin da ke damun shuka a bana. In na kwatanta mata ciwon da ban gane ba, sai ta zana ganyen a takarda ta ce, haka yake ko haka? Sannu a hankali wasiƙun suka gajarce, rubutun ya karkace, daga baya suka tsaya.

Nakan tambayi kaina abin da za ta ce da ta ga Libreville ta yau. Inda gidanmu na katako yake yanzu bene ne, an shafe bayan da siminti. Har yanzu yawancin abin da muke ci daga waje yake shigowa, manyan motoci daga Kamaru maƙare da ayaba da tumatir, kuma yanzu kuɗin ba kamar da ba. Maganarta ta tabbata, amma na san ba za ta ji daɗin hakan ba, ba ta cikin masu son a ce ai sun faɗa. Ina jin abin da zai burge ta shi ne waya. Yau mace za ta ɗauki hoton ganye ta aika wa masani ya ba ta amsa kafin ta gama girki, abin da ni da ita muke yi a wata biyu. Sai dai na tabbata za ta ce hoto ba ya nuna saiwa, sai an je an tona.

Shekara guda kafin rasuwarta aka kira ni a waya da rana tsaka. Wata mata ce, ta ce ita 'yar ƙanwar Madam Odil ce, ta sami lambarmu ta hannun wani da ya san Malam. Ta ce innarta tana gidan kula da tsofaffi, mantuwa ta kama ta, ba ta gane kowa. Wasu ranakun takan yi ta magana da wani yare da ba su sani ba, ta yi ta maimaita abu ɗaya, in ba a amsa ba ta shiga damuwa. Matar ta roƙe ni in saurara in gaya musu abin da take so.

Aka kara wa Madam wayar a kunne. Na ji numfashinta. Na ce, "Yaya, Binta ce." Ba ta nuna ta gane ni ba. Can sai ta ce, da wannan muryar ta hanci, "An yi ruwa?"

Na ce, "An yi ruwa, Yaya. An yi sosai."

Ta ce, "An yi shibka?"

Na ce, "An yi. Kowa ya shuka, ya fito da kyau."

Ta ce, "To madalla." Na koya wa 'yar ƙanwar tata amsoshin nan biyu, ta rubuta su yadda kunnenta ya ji, ta manna a jikin gadon don masu jinya. Ta ce mini daga baya sun yi amfani har ƙarshe.

Ba addininmu ɗaya ba, kuma hisabinta yana wurin Wanda ya halicce ta, Shi ya san abin da ta aikata. Ni dai shaidar da zan bayar ita ce ban taɓa ganin ta raina manomi ba, ban kuma taɓa jin ta faɗi abin da ba ta tabbatar ba don a ji daɗi. Babu titi ko makaranta da sunanta. Littattafan da ta cika da rubutu ban san inda suke ba. Ko rogon da ta rarraba yana nan a wasu gonaki, ba ni da hanyar sani, domin waɗanda ta ba sun mutu, 'ya'yansu kuma sun sa masa sunayen da suka ga dama. Abin da na tabbatar kaɗan ne. Mata da yawa a garin nan sun koyi yi wa shuka aure daga wurina, ni kuma daga wurinta na koya, wasunsu da shi suka ciyar da 'ya'yansu.

Sauran kuwa kewa ce, kuma ba ta ragu ba. Mutanen da suka san ni ina da ƙuruciya a garin nan sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. Akwai abubuwa da yawa da ban tambaye ta ba saboda na ɗauka akwai lokaci. Ban san sunan mahaifiyarta ba. Ban san ko ta taɓa yin nadamar zaman da ta yi a ƙasashen mutane ba. Shekara tara tana tambayata labarin gidanmu, ni kuma ina ta ba ta, ban taɓa tsayawa na ce mata, Yaya, ke fa, wa kike kewa?